Welmoet Mai Kifi, 'Yar Riƙon Gari

Shekara talatin da ɗaya muka yi ni da Welmoet muna sayar da kifi a kan gada ɗaya, teburina yana kallon nata, amma ban taɓa taka ƙofar gidanta da sunan zumunci ba, ita ma haka. Sunana Dieuwer. Ina cikin maƙwabta ukun da suka ba da shaida a kanta a shekarar 1683, har alƙalan garinmu suka sa ta a riƙo kamar marainiya, alhali tana da shekara hamsin da bakwai a duniya. Mutane sun daɗe suna ba da labarin nan yadda suka ga dama. Ni abin da na gani zan faɗa, har da nawa hannun a ciki.

A layin masu ƙyafe kifi aka haife ta, bayan madatsar teku. Uwarta ce mai teburin farko a bakin gada, inda duk wanda ya fito daga cikin gari yake fara tsayawa, ita kuma ta gaje shi tun kafin ta yi aure. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum jajur saboda ruwan gishiri. Kifi kam ta san shi, wannan ba zan hana ta ba. Kallo ɗaya take yi wa idonsa ta gaya maka ranar da ya bar ruwa. Bakinta ne masifa. Ba ta iya ganin abu ta bar shi a cikinta, ko da kuwa faɗinsa zai kashe mutum.

Ta auri Outger, mai jirgin kamun kifi, mutum marar hayaniya. Suka haifi biyar, ɗaya ya rayu, shi ne Reyer. Mijina Sijbrand a jirgin Outger ɗin yake aiki. Shekara biyu kafin Faransawa su shigo mana Holland, suka fita teku da sanyi ya fara shiga, jirgi ya dawo babu Sijbrand. Outger ya zo har gida da hularsa a hannu, ya ce iska ce ta taso, igiyar ruwa ta share shi daga kan jirgi, babu halin juyawa. Na karɓa. 'Ya'yana uku, ƙaramar tana bakin nono. Kwana tara da rasuwar na koma kan teburina, don babu mai ciyar da mu. Wata mata ta tsaya tana yi mini ta'aziyya, tana cewa teku ba shi da imani. Sai Welmoet ta ce daga can, ko ɗago kai ba ta yi ba daga kifin da take gyarawa:

"Ku bar zagin teku. Wanda ya ɗirki rabin tulun giya, ko a kan gadar nan ma faɗawa zai yi."

Duk mutanen gada sun ji. Daga ranar ban sake gaishe ta ba.

Outger ya rasu bayan shekara tara, zazzaɓi ya kashe shi a kan gadonsa. Ya bar mata gida mai hawa ɗaya a bakin ruwa, da kaso a jirgi, da wata 'yar makiyaya a bayan gari mai shanu biyu. Shi kuwa Reyer bai bi teku ba, amai yake yi ko a cikin kwalekwale. Yana aiki wurin baffansa Lubbert, ƙanin Outger, mai yin gangunan zuba kifi. Ya yi aure, suna haya shi da matarsa a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai danshi, suna jiran ranar da gidan bakin ruwa zai zama nasu.

Kowace shekara idan ciyawa ta isa yanka, sai ga mutanen gabas, daga ƙasar Jamus, sun iso a ƙafa da dogayen laujensu a kafaɗa. Su yi wata biyu suna yanka, suna kwana a rumfunan shanu, su koma. Ba mu ɗauke su a bakin komai ba. A cikinsu akwai wani Berend, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai giɓi, wanda yake magana da harshenmu kamar yana tauna dutse. Shi ke yanke wa Welmoet makiyayarta. A shekara ta uku da rasuwar Outger 'yan'uwansa suka koma gida, shi ya zauna. Ranar wata Lahadi aka gan shi a coci sanye da shuɗiyar rigar Outger mai maɓallan azurfa. Da bikin kasuwar shekara ya zo, suka yi rawa tare a gaban kowa, tana dariya har hularta ta karkace. Sati biyu bayan haka ta je wurin mai wa'azi ta ce a fara shelar aurensu, wadda ake yi a coci Lahadi uku a jere.

Ba a kai ga shela ta biyu ba Lubbert ya tsaya a teburina, yana juya wani kifi kamar mai saye.

"Maƙwabciya," in ji shi, "ke kika fi kowa ganin matar yayana. Kina ganin lafiyarta ƙalau?"

"Lafiyar doki gare ta."

"Ba jiki nake nufi ba."

Ya ajiye kifin, ya goge yatsunsa a gefen tebur.

"Idan alƙalai suka sa ta a riƙo, saye da sayarwa sun haramta gare ta. Teburin farko wani za a ba. Babbar 'yarki Sijtje ai ta iya riƙe wuƙa, ko?"

Washegari na je gidan marubucin shaida, ni da wani tela da matar mai gidan giya ta ƙarshen layi. Marubucin ya tambaye ni ko na taɓa ganin ta a buge. Na ce na gan ta ranar biki da jar fuska, tana tangaɗi a rawa. Ya tambaya ko tana ɓarnar dukiya. Na ce ta ba baƙo rigar mijinta, kuma na ji an ce ta ba shi agwagi biyu. Ya tambaya ko tana abin masu taɓin hankali. Na ce tana magana ita kaɗai in tana gyaran kifi, abin da kowace mai kifi take yi, har da ni, amma wannan ban ƙara masa ba. Da ya gama ya karanta mini abin da ya rubuta. A takarda, ranar biki ta zama "kusan kullum", riga da agwagi suka zama "tana rabar da kayan gidanta ga baƙi da 'yan iska". Na ji bambancin sarai. Ya miƙo mini alƙalami, na zana ƙugiya, alamar da nake sa wa kwandunana, tunda ban iya rubutu ba.

Ranar Talata da hantsi alƙalai biyu suka zo gidanta don su gan ta da idonsu. Taga a buɗe take, rabin layin kuma muna tsaye a waje. Suka tambaye ta yau wace rana, ta faɗa. Suka ce ta karanta addu'ar Ubangiji, ta karanta ba gargada. Dattijon cikinsu har ya fara duban ɗan'uwansa kamar mai cewa an ɓata musu lokaci. Sai ɗayan, wani mai tumbi, ɗan gidan masu dafa giya, ya ce:

"To, uwa, mace mai shekarunki me za ta yi da miji?"

"Ranka ya daɗe," ta ce, "abin da matarka take yi da kai, in dai tana samu. A fuskarta dai ban ga alama ba."

Layi ya ɗauki dariya. Na ga kunnuwan mutumin sun yi ja. A raina na ce shi ke nan, ta gama wa kanta aiki.

Ranar kasuwa aka kaɗa ƙararrawar zauren gari, mai shela ya hau matakala ya karanta. Welmoet, matar marigayi Outger, saboda shaye-shaye da almubazzaranci da raunin hankali, an sa ta ita da dukiyarta a hannun mariƙa biyu, Lubbert da Reyer. Kada kowa ya saya a hannunta, kada a sayar mata, kada a ranta mata, kada a zuba mata giya a ko'ina. Wanda ya yi, asararsa. Daga gada ana jin komai. Tana tsaye tana gyaran kifi har ya gama. Da sarkin kasuwa ya zo ya tsaya mata a kai, ta goge wuƙarta, ta naɗe ta a tsumma, ta bar kifin nan a kan tebur ta tafi. Kafin yamma yaran unguwa sun fara binta suna kiranta 'yar riƙon gari, suna tambayar ta ko a kawo mata madara. Cikin satin Sijtje ta koma teburin farko.

Reyer da matarsa suka tare a ɗakunan gaba. Ita aka mayar da ita ɗakin baya, kusa da inda ake jibge gawayin fadama, busasshiyar ƙasar da muke hura wuta da ita. Makullan akwatuna suka koma ƙugun surukarta. Duk Asabar Lubbert ya aiko da burodi da cuku da ɗan wake. In takalminta na katako ya tsage, sai ta je shagonsa ta tsaya cikin ƙurar sassaƙa ta roƙa, a gaban masu aikinsa. Maganar aure kuwa ta mutu, don sai da yardar mariƙa. Kowa ya zaci Berend zai ɗauki laujensa ya kama hanya, tunda babu sauran abin ci. Bai tafi ba. Ya shiga dakon gawayi a tashar jirage, yana kwana a soron 'yan dako. An ƙwace rigar Outger a jikinsa, ya koma cikin tsummansa.

Na zaci na huta. Ashe yanzu aka fara. Kowace safiya sai ta zo da kwando, ta kife shi a jikin bangon gada, dab da teburin Sijtje, ta zauna. Ba ta saye, ba ta sayarwa, don haka babu dokar da ta taka. Magana kawai take yi.

"Uwargida, bar wancan, tun Litinin yake kwance. Ɗauki na hagu, in dai ba maigidan kike son kashewa ba."

Abin takaicin, sau tara cikin goma gaskiyarta ne. Masu saye suka koma dubanta kafin su miƙa hannu. Sijtje ta sha dawowa gida tana kuka. Na taɓa watsa wa Welmoet ruwan gishiri a ƙafa da gangan, ta dube ni ta ce, "Gishirinsa ya yi kaɗan, Dieuwer. Shi ya sa naki yake ruɓewa." Da rana ta take sai Berend ya zo baƙi ƙirin da ƙurar gawayi, su raba burodi ɗaya a nan kan gada, kowa na gani. Dattawan coci suka kira ta suka yi mata faɗa, ta ce su ba ta shi da aure mana su huta. Suka hana ta Jibin Ubangiji, burodi da ruwan inabin da ake raba wa masu ibada a coci.

A shekara ta biyu da sa ta a riƙo ta ji labarin Lubbert ya sayar da makiyayar da shanun, kuma surukinsa ne ya saya. Ba wanda ya gaya mata, a bakin mai nono ta ji. Ranar Lahadi ta laɓe a bayan ƙofar coci da bokiti cike da hanjin kifi na kwana uku. Yana fitowa cikin baƙaƙen kayansa na ado, matarsa a gefe, ta juye masa tun daga hula. A satin mariƙa suka kai takarda, alƙalai suka yarda a kai ta gidan horo na babban birni, shekara guda.

A jirgin ruwan da doki ke ja daga gaɓa aka ɗauke ta. Ina cikin 'yan kallo. Reyer ya tsaya a bakin ruwa, idanunsa sun kawo ƙwalla.

"Inna, ki yi haƙuri. Don amfaninki ne."

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Biyar na haifa," ta ce. "Allah ya ɗauke huɗu ya bar mini kai. Har yau ban san laifin da na yi masa ba."

Shekarar nan na yi ciniki yadda ban taɓa yi ba, kuma ba zan ce na yi kewarta ba. Berend sau uku yana takawa har birnin a ƙafa, sau uku ana mayar da shi daga ƙofa, don shi ba dangi ba ne.

Ta dawo da farin gashi fat, haƙoranta na gaba babu, hannuwan nan sun yi fari sun yi laushi saboda kaɗin zare. Ba ta sake zama a gada ba. Shekara biyu cur ba wanda ya ji muryarta a layi. Coci duk Lahadi, kai a sunkuye. Ko yara sun tsokane ta sai ta wuce. Ni dai ban yarda da shirun ba, na san akwai abin da take ƙullawa.

Wata rana da la'asar ina wanke kwanduna a ƙofar gida, sai na ga inuwa a kaina. Ita ce. Ba ta gaishe ni ba, ni ma ban yi mata tayin kujera ba.

"Zan kai takarda a cire ni daga riƙo," ta ce. "An ce sai wanda ya yi shaidar farko ya zo ya ce na gyaru. Tela ya mutu. Matar mai giya ta bi ɗanta Amsterdam. Saura ke."

"To?"

"Ki je ki faɗi abin da kika gani shekara biyun nan. Ba alfarma na zo nema ba. Teburin ma ku riƙe, na bar muku."

Na daɗe ina jiran ranar da za ta tsaya a ƙofata da buƙata. Na tsame hannuna daga ruwa, na share a zanena.

"Zan je. Amma gobe ranar kasuwa ce. Ki hau gada, a inda kika faɗa, ki ce ƙarya kika yi wa Sijbrand."

Ta gyara riƙon sandar da take dogarawa, na tabbata ta auna abin.

"A buge yake, Dieuwer. Outger ya gaya mini a ranar da suka dawo. Ya ɓoye miki ne don tausayi. Ke ma kin sani, ke kike kwance masa takalmi in ya dawo daga gidan giya."

"To ki mutu a ɗakin gawayi."

"Bai kamata in faɗa a ranar ba, kwana tara da mutuwa. Wannan na yarda, in kina so gobe in faɗa a gada. Amma in ce ƙarya ne, a'a. Ƙarya a gaban jama'a sana'arki ce, ban iya ba."

Na kwashe kwandunana na shiga, na sa sakata. Ta daɗe a tsaye kafin na ji ƙarar sandarta tana tafiya. Takardarta ta je gaban alƙalai babu shaida, Lubbert kuma ya ce shirun nata makirci ne. Aka ƙi. Ta ƙara shekara huɗu a riƙo.

Ba tausayin kowa ne ya fitar da ita ba, rigima ce. Reyer ya gano baffansa ya sayar da kason jirgin ma, tun tuni, ba tare da saninsa ba. Suka yi cacar baki a shago har suka kai ga dambe, Lubbert ya fasa masa goshi da guduma ta katako. Reyer ya kai ƙara. Alƙalan da suka yi hukuncin farko sun mutu ko sun sauka, sababbin kuma suka gaji da zaman mutanen biyu. Suka duba suka ga ban da gida babu sauran abin da za a riƙe, matar kuma shekara shida ba a kawo ƙararta ba. Suka sallami mariƙan duka, suka mayar mata da ikon kanta. Wannan karon ba a kaɗa ƙararrawa ba. Takarda kawai aka ba ta, tana da shekara sittin da shida.

A ranar Reyer ya sa matarsa ta gyara mata ɗakin gaba, ta dafa nama, ta ajiye makullai a kan tebur. Welmoet ta ɗauki makullan, ba ta taɓa naman ba. Kafin sati ya zagayo ta sayar da gidan ga wani mai gasa burodi. Ta ba Reyer abin da doka ta tilasta mata, ko cokali ba ta ƙara ba, ta ce su kwashe kayansu kafin ƙarshen wata. Matarsa na da ciki wata bakwai. Har mai wa'azi ya je ya roƙe ta, ta ce masa ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana nan inda suka bar shi. Mutane da yawa da suka fara jin tausayinta suka janye a kan wannan.

Aka yi shelar aure Lahadi uku, ba wanda ya tashi ya hana. Ranar Alhamis da safe aka ɗaura, 'yan dakon gawayi biyu ne shaidu. Berend a lokacin bayansa ya ranƙwafa, yana tari. Ranar Asabar suka shiga jirgin gawayi da zai koma gabas babu kaya, da akwati ɗaya da katifa.

Dole jirgin ya bi ta ƙarƙashin gadarmu. Na hango shi tun daga kwana, na san za ta jefo mini wata magana, na kuma shirya amsa mai zafi tun da dare. Na matsa bakin bango yadda za ta gan ni da kyau. Tana zaune a kan akwatin tana ɓare wa Berend dafaffen ƙwai. Jirgin ya shiga ƙarƙashin gada, ya fita ta ɗaya gefen. Ba ta ɗago ba.

Bayan shekara huɗu na tambayi masu yankan ciyawa da suka zo daga yankinsu. Wani tsoho ya san su. Ya ce a bukkar ƙanwar Berend suka zauna, can cikin fadama, inda ko kifin kirki babu. Ta yi kiwon dinya, ta yi faɗa da kusan kowa a ƙauyen da harshen da rabi kawai suke ganewa. A sanyi na uku ta kwanta, kwana huɗu ta cika. Ƙasa ta daskare har diga ba ya shiga, sai da gawarta ta yi kwana goma sha ɗaya a rumbun hatsi kafin aka iya haƙa kabari. Berend yana nan da rai, in ji shi, amma ba ya iya ɗaga lauje.

Da yamma Reyer ya biyo ta gada da ganga a kafaɗa. Na tare shi na gaya masa, don na ga ya kamata wani ya gaya masa. Ya sauke gangar, ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce:

"Wa ya aike ki?"

Ya saɓa gangarsa ya wuce. Har yau matarsa a ƙarshen gada take sayen kifi, wurin wata Bafirisiya, 'yar lardin arewa, da ba ta daɗe da zuwa garin ba.